Podkas na Koyon Rubutu da Buga Littafi: Wanne Ya Cancanci Datarka?

Matasan marubutanmu na Katsina da Daura, musamman masu rubutu a waya, sun fara jin labarin cewa akwai shirye-shiryen podkas, wato shirye-shiryen murya da ake saurara ta intanet, da ake koyar da ƙagaggen labari da harkar buga littafi, kuma kyauta. Akwai su kam, har sun yi yawa. Mutum zai buɗe Spotify ya nema, su zubo masa rututu, ya sauke uku ko huɗu, data ta ƙare, Turancin ya yi masa gudu, ya watsar da abin gaba ɗaya. Domin irin wannan mutumin na yi wannan rubutu. Na ware rukuni biyar da na ga sun isa a auna su, kuma gara in faɗi matsayina tun yanzu: darasin sarrafa labari yana ƙetaro teku ya iso mana da amfaninsa, amma darasin kasuwar littafi yawanci a can yake tsayawa. Kusan duk zaɓin da za ka yi a kan wannan bambancin ya rataya.

Abin da za mu auna da shi

Kuɗi ne farko. Sauraro kyauta ne, amma data ba kyauta ba ce, balle tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Murya zalla ta awa ɗaya takan ci tsakanin MB 30 zuwa 60, gwargwadon ingancin da aka ɗora ta da shi. Ke nan GB 1 zai ba ka awa 17 zuwa sama da 30. Bidiyon YouTube yana ninka wannan sau da yawa, ko da ka rage hasken hoton.

Sai daɗewar amfani: shin abin da aka faɗa a 2015 yana aiki yau, ko ya riga ya tsufa? Sai sauƙi, wato saurin Turancin masu magana, tsawon shirin, da ko akwai rubutaccen kwafin hirar da za ka bi da ido yayin da kake saurare. Sai haɗari, wanda ya haɗa da kalaman da ba za ka so su fito daga wayarka a gaban iyali ba, da tallan kwasa-kwasan dala, da shawarar da za ta kai ka ga asarar kuɗi. Na ƙarshe, wanda na fi ba nauyi, shi ne kusancin shirin da halin da marubucin Hausa yake ciki.

Writing Excuses

An fara shi a Amurka a 2008. Brandon Sanderson da Dan Wells da Howard Tayler ne suka kafa shi, Mary Robinette Kowal ta shigo a 2011, kuma ya ci lambar yabo ta Hugo a 2013. Daga baya Sanderson ya ja baya, aka ƙaro DongWon Song, wanda aikinsa dillancin littattafai ne, da marubuciya Erin Roberts. An gina shirin a kan minti 15, ko da yake na baya-bayan nan sukan haura 20. A wajen data shi ne mafi arha, kuma kashi ɗaya zai ƙare kafin Keke Napep ya kai ka daga Ƙofar Ƙaura zuwa inda za ka, idan da ɗan cunkoso.

Abin da ya sa na fifita shi shi ne kowane kashi matsala ɗaya yake ɗauka, ya warware ta, sannan ya ba ka aikin gida. Zangon 2015, wato na 10, an tsara shi kamar aji: daga samo tunanin labari a farkon shekara har zuwa gyaran ƙarshe. Wanda ya bi shi a jere, yana yin aikin gidan, ya yi karatun da a wani wuri sai an biya kuɗi.

Bari in nuna irin abin da ake samu. Akwai wata dabara da Kowal take yawan koyarwa, cewa zaren labari iri huɗu ne. Akwai na wuri, wanda yake buɗewa da shigar tauraro wani waje ya rufe da fitarsa. Akwai na tambaya, wanda amsa take rufe shi. Akwai na hali, inda mutum bai gamsu da kansa ba har sai ya sauya ko ya haƙura. Akwai na lamari, inda wani abu ya dagula zaman lafiya har a samu sabon daidaito. Ƙa'idar ita ce zaren da ka buɗe a ƙarshe shi za ka fara rufewa. A ce kina rubuta labarin yarinyar da aka kawo aikatau Katsina daga ƙauye. Shigowarta gari zaren wuri ne. Bayan wata biyu sarƙar uwar ɗakinta ta ɓace, aka zarge ta, tambaya ta buɗe. Dole a san wanda ya ɗauki sarƙar kafin yarinyar ta hau motar komawa gida. Idan ta tafi ba a sani ba, mai karatu zai ji an cuce shi. Idan kuma an gano ɓarawon, ta koma gida, kika ci gaba da shafi arba'in kan bikin wata ƙawarta, zai ajiye littafin. Wannan ita ce cutar da take damun littattafan onlayin da yawa: a buɗe zare goma saboda masu karatu suna neman ci gaba kullum, a rufe uku, sauran a bar su suna reto.

Akwai kuma dabarar da suke yi wa duk yunƙurin tauraro: ko dai ya yi nasara amma nasarar ta jawo sabuwar matsala, ko ya gaza kuma abin ya ƙara lalacewa. Gwada ta a babi ɗaya da ya yi maka sanyi, za ka ga bambanci.

Matsalarsa biyu. Mutum huɗu ko biyar ne suke magana da saurin Amurkawa, suna katse juna da raha. Maganin wannan shi ne rage saurin zuwa 0.8 da buɗe rubutaccen kwafin da ake samu ta shafinsu. Ta biyu, misalansu daga labaran ƙirƙirar kimiyya da na duniyar tsafi da dodanni suke zuwa. Wannan bai kamata ya kore ka ba. Mu da muka tashi da tatsuniya da labarin macijin rijiyar Kusugu ba baƙin irin wannan duniya ba ne, kuma dabarun suna hawa labarin soyayya ko na zaman gidan kishiyoyi daram. Bakinsu a tsabtace yake, ana iya saurare a falo.

The Creative Penn

Joanna Penn, 'yar Ingila, ta fara shi a 2009, kuma yana fitowa kusan kowane mako. Kashi ɗaya yakan kai awa guda, tsawon da ya dace da tafiyar mota daga Katsina zuwa Daura. Turancinta a fili yake, ba ta da gaggawa, kuma tana sa rubutaccen kwafin hirar a shafinta. Batunta marubuci ya buga littafinsa da kansa, ya sayar da kansa, ya riƙe haƙƙin mallakarsa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Marubutan adabin kasuwar Kano tun shekarun 1980 da kuɗinsu suke buga littafi, su kai wa 'yan kasuwa, a biya su bayan an sayar. Masu sakin shafukan kyauta a WhatsApp su ce sauran na kuɗi ne, su ma abin da suke yi ke nan. Abin da za ka ƙaru da shi a wurinta shi ne kallon littafi a matsayin dukiya mai rassa: na takarda haƙƙi ne daban, na waya daban, na murya daban, fassara daban, fim daban. Marubucin da ya fahimci haka ba zai miƙa wa furodusa ko mai tashar YouTube labarinsa da baki kawai ba, ba takarda, ba wa'adi. Tana kuma nanata cewa ka mallaki hanyar isa ga masu karatunka, kada ka jingina da dandali ɗaya. Mun ga gaskiyar wannan a gida lokacin da dandalin sayar da littattafai a intanet na OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a kai, ya rufe a ƙarshen Nuwambar 2023.

Amma nan ne haɗarin ya fi yawa. Za ka ji ana maganar Amazon KDP, wato dandalin da marubuci yake ɗora littafinsa da kansa ya sayar a Amazon, da kason marubuci na kashi 70 cikin ɗari ga littafin da aka sa wa farashi tsakanin dala 2.99 da 9.99, zuciyarka ta fara lissafi da naira. Abin da ba za a gaya maka ba, domin ba kai aka nufa ba, shi ne Hausa ba ta cikin jerin harsunan da KDP ya bayyana yana karɓa. Ko da Turanci ka rubuta, Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka za a cire kashi 30 cikin ɗari daga kasonka na cinikin da ka yi a can. Kickstarter, dandalin tara gudummawar kuɗi daga jama'a, da take yawan yabo bai buɗe wa mazauna Najeriya damar buɗe neman tallafi ba. Sannan labaran kasuwa da take fara shirin da su saurin tsufa gare su. Na shekara uku baya ma kada ka gina shawara a kansu.

Shirye-shiryen dillalan littafi

A Amurka da Ingila manyan kamfanonin ɗab'i ba sa karɓar rubutu kai tsaye daga hannun marubuci sai ta hannun dillali, wanda yake ɗaukar kashi 15 cikin ɗari na abin da marubucin ya samu. Shirye-shirye biyu sun yi fice wajen buɗe wannan duniyar. Akwai Print Run na Laura Zats da Erik Hane, wanda ya fi karkata ga siyasar masana'antar da tsegumin cikinta. Akwai kuma na Bianca Marais, marubuciya haifaffiyar Afirka ta Kudu da take zaune a Kanada, tare da dillalai biyu, Carly Watters da CeCe Lyra. Sunan shirin yana ɗauke da kalmar da ba zan rubuta a nan ba, amma sunan Marais kaɗai ya isa ya fito maka da shi. Wannan kuma ya nuna maka cewa da iyafis ake sauraren rukunin nan.

Print Run na wanda ya riga ya shiga harkar ne. Na Marais kuwa yana da sashen da ko mai rubutu da Hausa zai amfana: masu saurare suna aiko wasiƙar tallata littafinsu da shafukan farko, dillalan su feɗe su a fili. Za ka ji a ina hankalin ƙwararren mai karatu yake barin shafi. Tauraruwa ta farka daga barci ta tsaya gaban madubi ana siffanta ta, an kwashe shafi biyu ana jero asalin dangi kafin wani abu ya faru, an fara da mafarki. Duk wanda ya karanta littattafanmu ya san waɗannan mabuɗan, kuma jin yadda ake ƙin su yana sa mutum ya koma ya duba nasa.

Wani abu guda da za ka ɗauka daga gare su ya kare ka har abada: dillali na gaskiya ba ya karɓar ko sisi kafin ya sayar da littafi. Duk wanda ya turo maka saƙo daga waje yana yabon rubutunka, sannan ya nemi kuɗin rajista ko na dubawa, rufe maganar. Ban da wannan, tsarin dillalai bai shafi mai buga littafin Hausa ba. Ko mai Turanci a Najeriya, kamfanoni irin su Cassava Republic da Masobe sukan buɗe ƙofa lokaci zuwa lokaci marubuci ya aika da kansa.

Hira da manyan marubuta

World Book Club na BBC yana gudana tun 2002, wata-wata, Harriett Gilbert tana gabatarwa. Ana gayyato marubuci ya amsa tambayoyin masu karatu daga ko'ina a duniya kan littafinsa guda ɗaya, kuma Chinua Achebe da Wole Soyinka da Chimamanda Ngozi Adichie duk sun zauna a kujerar. Turancinsa ya fi na kowa sauƙi, domin don duniya aka shirya shi. Ba ya tsufa. Sai dai idan ba ka karanta littafin ba, rabin daɗin ya wuce ka, kuma za a tona maka ƙarshensa.

Shirin gajerun labarai na mujallar The New Yorker, wanda editar ƙagaggun labaransu Deborah Treisman take gabatarwa tun 2007, wani marubuci ne yake zaɓo labarin wani, ya karanta shi gaba ɗaya, sannan su tattauna yadda aka ƙulla shi. Ga mai rubuta gajeren labari babu kamarsa, amma yana da nauyi, yakan wuce awa, kuma wasu labaran suna taɓo abubuwan da suka saɓa wa tarbiyyarmu ba tare da sakaye ba. Duka biyun suna gyara kunne da ɗanɗano. Ba sa koya maka mataki-mataki, ba sa cewa komai kan sayarwa.

Abin da muke da shi a gida

Da Hausa abin a warwatse yake, sai mutum ya tattaro da kansa. Akwai labaran gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata, kuma ake karanta waɗanda suka yi fice a rediyo. Sauraren su a jere darasi ne kan yadda ake cusa rayuwa guda cikin 'yan shafuka. Akwai tashoshin YouTube masu karanta littattafan Hausa, inda kunne yake kama abin da ido ya tsallake: hirar da ba mai yin irinta a zahiri, da jimlar da numfashi yake ƙarewa kafin ta ƙare. Akwai hirarrakin bukukuwan littafi da ake ɗorawa a intanet, irin su KABAFEST da aka fara a Kaduna a 2017 da bikin littattafan Hausa na HIBAF da aka fara a 2021. Sannan akwai azuzuwan marubuta a WhatsApp da Telegram, inda malami yake turo saƙon murya na minti biyar-biyar kan jigo da salo da zubi da tsari da ƙa'idojin rubutu, ɗalibai su turo gwaji a gyara.

Ingancin waɗannan azuzuwa ya bambanta ƙwarai. Wani malamin ya san raba kalma da haɗe ta kamar yunwar cikinsa, wani kuwa kuskurensa yake rabawa. Saƙonnin suna ɓacewa idan waya ta lalace. Wasu tashoshin kuma ba da izinin marubuci suke karanta littafi ba, kuma sauraren su taimakon satar fasaha ne. Duk da haka, a nan kaɗai za ka ji abin da ya shafe ka kai tsaye: cewa lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a wurin Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta, cewa doka ta ce mai buga littafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi 3 a can, cewa akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, da yadda ake ciniki da mai maɗaba'a kan takarda da bango da yawan kwafi, da abin da za ka yi idan wata ta sayi littafinka ta watsa shi a guruf.

Kuma a gida ne kawai ake samun mai karanta rubutunka ya ja maka jan biro. Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar da Baturen editan littattafan Hausa, Rupert East, ya shirya a 1933, kuma zaman da suka yi daga baya a Zariya, marubuci da edita a kan takarda ɗaya, yana cikin abin da ya fito da gwanintarsa. Babu podkas da zai yi maka wannan. Malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na kwalejojinmu, da zaman karatu na ƙungiyoyin marubuta, su ne masu yin sa.

| Shiri | Data a kashi ɗaya | Daɗewar amfani | Sauƙi | Babban haɗari | Kusanci da mu |
|---|---|---|---|---|---|
| Writing Excuses | MB 8 zuwa 25 | Ba ya tsufa | Gajere, amma da sauri | Kaɗan | Dabarun suna aiki da Hausa |
| The Creative Penn | MB 30 zuwa 60 | Labarin kasuwa na saurin tsufa | Turanci a fili, akwai kwafi | Lissafin dala da bai shafe mu ba | Tunanin ya dace, hanyoyin ba su dace ba |
| Na dillalai | MB 30 zuwa 60 | Matsakaici | Matsakaici | Kalamai marasa daɗi | Gyaran shafin farko kawai |
| BBC da The New Yorker | MB 25 zuwa 70 | Ba ya tsufa | BBC sauƙi, ɗayan nauyi | Labaran da ba sakaye | Gyaran ɗanɗano |
| Na gida | Saƙon murya kaɗan, bidiyo da yawa | Yana iya ɓacewa | Harshenka ne | Malami marar sani, satar fasaha | Kai tsaye |

Game da manhaja, Google Podcasts ta rufe a 2024, kada ka ɓata lokacin nemanta. Spotify tana aiki a Najeriya tun 2021 kuma tana barin a sauke podkas ba tare da biyan kuɗin wata ba. Mai Android da wayarsa ba ta da wuri sosai ya gwada AntennaPod: kyauta ce, ba ta da nauyi, ba ta cusa nata tallan. Ko wacce ka ɗauka, kashe saukewa ta kai tsaye, in ba haka ba za ta shanye maka data cikin dare.

Wa ya dace da wanne

Idan kana da labari a ka amma yana watsewa a tsakiya, ko kin kai shafi tamanin ba ki san yadda za ki sauka ba, Writing Excuses ne naku, zango na 10, kashi ɗaya a zama ɗaya, kuma kada a wuce zuwa na gaba sai an yi aikin gidan da Hausa a kan labarin da ke hannu.

Idan kina shirin shiga Hikayata ko wata gasar gajeren labari, fara da labaran da suka yi nasara a shekarun baya, ki ƙara da The New Yorker in Turancinki ya kai, ki zaɓi labaran da kika natsu da su.

Idan littafin ya kammala kuma da Hausa yake, ba ka da buƙatar shirin dillalai sai sashen shafukan farko. Saurari Joanna Penn kan haƙƙin mallaka da riƙe masu karatu, ka tsallake duk inda ta shiga Amazon, sannan ka nemi marubucin da ya buga littafi a Kano ko Zariya ko nan Katsina cikin shekarar nan ya gaya maka abin da ya kashe.

Idan da Turanci kake rubutu kana hangen kamfanonin Legas da Abuja ko na waje, shirin Marais ne gaba, Print Run a bayansa.

Wanda Turanci yake ba shi wahala ya tsaya a kan na gida, ya tantance malami ta hanyar karanta rubutun malamin kafin ya biya kuɗin aji, ya riƙa kwafe saƙonnin murya masu amfani zuwa memori. In yana son ya taɓa na waje, World Book Club ne mashiga, ya fara da hirar marubucin da ya riga ya karanta littafinsa a makaranta.